Riga-kafin Kwamfuta Ba Ya Tsare Bakin Mai Ita

Bahaushe ya ce riga-kafi ya fi magani. A kan wannan magana ne ma'aikata da ɗalibai da dama a ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa suka dogara, suna zaton cewa muddin mai gyara ya sa musu manhajar riga-kafi a kwamfuta, irin su Avast ko Kaspersky, to sun tsira daga ɓarayin intanet. Al'amarin kuwa ba haka yake ba.

Ita wannan manhaja tamkar maigadi ce wanda aka ba shi kamannin ɓarayin da aka riga aka sani. Duk abin da ya shigo kwamfuta sai ta gwada shi da jerin da ke hannunta, wani lokaci kuma ta lura da take-takensa. Amma kullum ana ƙirƙiro sababbin cututtuka, saboda haka tilas a riƙa sabunta jerin ta intanet. A ƙauyukan da sabis ba shi da ƙarfi, ga tsadar data, sai kwamfuta ta yi watanni ba a sabunta ta ba. Har ila yau, kamfanin Microsoft ya daina toshe kafofin Windows 7 tun watan Janairu na 2020, alhali akwai tsofaffin kwamfutocin da ba su rabu da ita ba. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har ta tsai da aiki a asibitocin Ingila, ga shi kuwa tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi, ba a dai sa ba ne.

To amma babbar ɓarnar da ake yi wa mutanen karkara ba ta wannan hanya take zuwa ba. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, manomi mai sayar da gero ko gyaɗa, da mai kai akuya kasuwa, sun saba da tura kuɗi ta waya da zuwa wurin masu POS. Sai wani ya bugo da murya mai daɗi, ya ce daga banki yake, za a rufe asusu in ba a gyara lambar BVN ba, watau lambar shaidar da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014. Mai asusu da bakinsa zai karanto lambar katinsa, ya ƙara da lambar da banki ya aiko masa ta saƙo. A nan babu cutar da ta shiga na'ura, balle riga-kafi ya kama ta. Galibin wayoyin ma ƙanana ne, ba su ɗaukar wata manhaja.

Masu ilimin boko kada su ɗauka sun fi ƙarfin wannan tarko. Ɗalibi yakan ci karo da sanarwar tallafin karatu ta bogi a WhatsApp, ya cike sunansa da lambobinsa da hannunsa. Waɗanda kuɗinsu ya maƙale a MMM a watan Disamba na 2016 kuwa, ba wanda ya fasa musu kwamfuta.

Gaskiya ne akwai dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, amma kafin hukuma ta kai ga ɓarawo kuɗi sun riga sun bi ta asusu da yawa. Kamata ya yi malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda dattawan ƙauye ke miƙa wa waya ya duba musu saƙo, ya sanar da su cewa banki ba ya tambayar lambar sirri. Ya kuma rubuta musu lambar da bankinsu ya tanada domin rufe asusu nan take, don mutumin ƙauyen Kunci ko Tsanyawa sai ya yi tafiya kafin ya isa reshen banki.