Farautar Tsuntsaye da Kyamara: Daga Gammo Zuwa Falgore

Manomin Gammo ta Kabo ba ya buƙatar kalanda kafin ya san damina ta kusa. Da zarar ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kuka tana tara kirare, ya san lokacin sharar gona ya yi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan baƙuwa daga kudancin Afirka take tasowa, ta ci dubban kilomita don ta yi ƙwai a garuruwanmu, kuma akwai mutanen da ke fita don kawai su ɗauki hoton tsuntsaye irinta.

A Najeriya an ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 900. Wasu 'yan gida ne, irin su kurciya da hasbiya da cilakowa da fakara. Wasu kuwa 'yan cin rani ne daga Turai, waɗanda ke ƙetaro Sahara wajen watan Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu. Mafi shaharar masaukinsu a Arewa shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, inda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989 don ganin tsuntsayen ruwa.

Kano ma tana da nata. Dajin Falgore da ke kan hanyar Jos an keɓe shi tun 1949 da sunan gandun dajin Kogin Kano, kuma a 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mai da shi gandun daji na ƙasa, tare da Kogo ta Katsina da fadamun Haɗeja da wasu bakwai. Sai dai gaskiya ɗaya ce: ɓarayin shanu da masu satar mutane sun ɓata wa dajin suna, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Wanda zai shiga, to ya nemi izini, ya tafi da ma'aikacin gandun daji, kada ya yi gaban kansa.

Amma mai koyo ba sai ya je Falgore ba. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, da babbar Challawa ta Ƙaraye wadda aka kammala a 1992, duk suna kusa da mutumin Kabo da Gwarzo. Da rani, idan tafkuna sun ƙafe, nan tsuntsaye ke taruwa: zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, balbela na bin garken Fulani, kirinjijiya na tashi gungu guda da fito, zakaran ƙeƙuwa kuwa na ta kururuwa yana tona asirin duk wanda ya doso.

Aikin na ƙafa ne. Tsuntsu ba ya jiran babur. Ana fita bayan sallar asuba, domin daga fitowar rana zuwa hantsi ne tsuntsaye ke kiwo, hasken ma a lokacin yana da taushi. Tafiyar kilomita uku ko huɗu a hankali, ana tsayawa ana saurare, ta fi ta goma da sauri, don sau da yawa kunne ne ke fara gano tsuntsu kafin ido. A sa tufafi masu duhu, a bar farin yadi sai ranar Juma'a. A ɗauki gorar ruwa, a sa rufaffen takalmi saboda ƙarangiya da maciji.

Wajen ɗaukar hoton, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, kada ta fuskance shi, in ba haka ba tsuntsun zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Hazon hunturu yana dusashe hoton da aka ɗauka daga nesa, don haka dabara ita ce a matsa kusa, ko ma a zauna gindin bishiya a bar tsuntsun ya zo da kansa. Maharba sun san wannan sarai. Shi ya sa suke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe. Bambancin kawai, mai kyamara yana komawa gida ya bar abin farautarsa da rai. Wanda ba shi da babbar kyamara yana iya kara wayarsa a bakin madubin hangen nesa, hoton zai isa a gane nau'in tsuntsun. Sheƙa dai ba a taɓa ta, ba a kuma daɗewa kusa da ita, domin uwa na iya gudu ta bar ƙwai rana ta dafa.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Ya tambayi dattijon garinsu yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta, ko gauraka a fadama. Ungulun da a da take cika kasuwanni, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu. Ta ɓace a idon kowa, ba wanda ya rubuta ranar.

Wannan giɓi ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos take ƙoƙarin cikewa. Tun 2015 ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke zagaya yankinsu da ƙafa, suna shigar da abin da suka gani a manhajar BirdLasser. Ba a neman digiri. Matashin Gammo da ke da waya, ya kuma san sunan tsuntsu daga bakin kakansa, zai iya farawa daga bakin madatsar da ta fi kusa da shi a ranin bana.