Ƙarfe mai ƙofofi da wutar maƙeri

Kafin ƙarfen tsofaffin motoci ya yawaita, maƙeran ƙasarmu daga dutse suke fidda ƙarfe. Dutsen shi ne tama. A Adar da ƙasar Maraɗi an daɗe ana wannan aiki. Ana gina murhu na laka, a zuba tama da gawayi, a sa wuta.

To, ƙarfe ba ya zama ruwa sai zafi ya kai digiri 1538. Murhun laka wajen 1200 yake tsayawa. Shi ya sa abin da ake fiddawa ba sumul yake ba. Dunƙule ne mai ƙofofi birjik kamar soso, ga kashin ƙarfe maƙale a ciki. In an yi hauya da shi haka nan, ba ta kai ƙarshen damina. Kowace ƙofa wurin rauni ce, daga nan tsaga take farawa.

Sai maƙeri ya maida dunƙulen cikin wuta, yaro na zuga. Gawayin ƙirya ya fi, don yana da zafi kuma yana daɗewa. In ƙarfen ya yi jawur har ya soma fari, sai ya yi taushi. A ɗora shi bisa uwar maƙera, a yi ta duka. Kashin ya tarwatse waje, bakin ƙofofin ya haɗe, su liƙe. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Aikin na cin gawayi, yana cin ƙarfin mutum, amma babu wata hanya.

Saura tsomawa cikin ruwa. Ƙarfe mai ja, in an huce shi farat ɗaya, ƙwayoyin cikinsa ba su samun lokacin komawa yadda suke. Sai ya yi tauri ƙwarai, muddin ya sha gawayi isasshe cikin wuta. Amma taurin nan na kwalba ne: bai lanƙwasa, sai dai ya karye. Don haka gwani yakan sake ɗumama bakin gatari kaɗan, wajen digiri 200 zuwa 300, har launinsa ya koma kamar na kara busasshe ko shuɗi.

Ku lura da wannan: ruwa ba ya toshe ƙofa. Ƙarfen da ba a daka sosai ba, in an tsoma shi, nan wurin ƙofofin zai tsage. In kun je sayen lauje ko gatari ran kasuwa, ku dubi bakinsa da kyau, ku ƙwanƙwasa shi. Mai tsaga a ciki ƙararsa a dushe take.