Taki Suna Ya Tara: Ma'anar Kalmomin Turanci Kan Ruɓa da Takin Gargajiya

Malamin gona, a Hausa kusan duk abin da ake zubawa gona don ƙara mata ƙarfi "taki" muke ce masa. Amma takardun da ke zuwa hannunka da Turanci sun rarrabe shi gwargwadon asalinsa da matakin ruɓarsa. In ka haɗe su wajen yi wa manomi bayani, yana iya zuba ɗanyen kashi inda ake nufin ruɓaɓɓe, shukarsa ta ƙone.

1. "Manure": kashin dabbobi ne, kamar na shanu, awaki da kaji, haɗe da shimfiɗar turke. Na kaji ya fi na shanu yawan sinadarin naitirojin, don haka ɗanyensa ya fi saurin ƙona tsiro. Ɗanyen kashi kuma yakan zo da irin ciyawa. A zuba shi makonni kafin shuka.

2. "Decomposition": ita ce ruɓar da ƙananan halittun da ido ba ya gani suke yi wa ganye, kara da kashi. Idan akwai iska da danshi daidai, ba ta ɗoyi.

3. "Putrefaction": ruɓa ce ta rashin iska, mai warin baragurbin ƙwai. In ka ji wannan wari, ruwa ya yi yawa. A juya tarin, a ƙara busasshiyar ciyawa.

4. "Compost": asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta abin da aka harhaɗa. Takin da aka tsara hawa-hawa ne, a rami ko a tsibi: ciyawa, kashi, toka kaɗan da ruwa. Zafin cikinsa kan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, abin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan ana juya shi duk mako 2, yakan nuna cikin wata 2 zuwa 3. Alamarsa: ya huce, ya yi baƙi, yana ƙanshin ƙasa.

5. "Green manure": ba kashi ba ne. Shuka ce dangin wake da ake nomawa, a binne ta tana ɗanya dab da fure.

6. "Mulch": kara, ciyawa ko ɓuntun shinkafa da ake rufe ƙasa da shi don riƙe danshi. Shimfiɗa shi ake yi, ba binnewa ba. In an binne busasshen kara, masu ruɓar da shi za su janye naitirojin na ɗan lokaci, ganyen masara ya yi rawaya.

7. "Humus": baƙin abin da ya saura bayan ruɓa ta yi nisa. Shi ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa da abincin shuka.

Don haka kafin ka ce wa manomi "zuba taki", faɗa masa wane iri, kuma ɗanye ko ruɓaɓɓe. In ya ce nasa ya nuna, sa hannu cikin tarin: muddin da sauran zafi, a dakata.