Yawon Kallon Tsuntsaye a Tafkin Bakolori: Bayani ga Jama'ar Maradun, Bakura da Talata Mafara

Gabatarwa

A ƙasashen duniya da dama, mutane kan biya kuɗi su yi doguwar tafiya domin kawai su ga tsuntsaye da namun daji a mazauninsu, tare da wani ɗan jagora da ya san wurin. A nan Nijeriya ma haka ake yi a Yankari da ke Jihar Bauci, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, da kuma Dagona da ke cikin dausayin Haɗeja da Nguru. Manufar wannan bayani ita ce mu nuna wa jama'armu da shugabannin ƙananan hukumomi cewa mu ma Allah Ya hore mana irin wannan arziki a tafkin Bakolori, da kuma abin da ya wajaba a kanmu don kada ya salwanta.

Tarihin tafkin

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978. Tsawonta ya kai kilomita biyar da rabi, tafkin da ta tara kuma ya mamaye fili kimanin hekta 8,000. An gina ta ne domin noman rani, kuma har yau manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun na cin moriyarta wajen noman shinkafa da kayan lambu.

Ba za mu manta da cewa wannan ruwa ya zo da tsada ba. Ya cinye gonaki da gidajen dubban mutanen ƙasar Maradun, kuma rikicin biyan diyya ya kai ga asarar rayuka a watan Afrilu na 1980. Saboda haka, duk wani sabon amfani da za a samu daga tafkin, mutanen da ke zaune a gaɓarsa su ne suka fi cancanta su fara cin gajiyarsa.

Abin da baƙo zai zo gani

Daga watan Oktoba zuwa Maris, lokacin da sanyi ya tsananta a Turai, tsuntsayen ruwa iri-iri kan ƙetare hamadar Sahara su sauka a tafkuna da fadamun ƙasar Hausa. A nan suke haɗuwa da namu na gida, irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya da ɗinya. Shamuwa kuwa akasin haka take yi: tana cin rani a kudancin Afirka, sai gab da faɗuwar damina ta iso mana, shi ya sa manomi ke gyara gona da zarar ya gan ta.

Bayan tsuntsaye, akwai masunta da kwalekwalensu da sassafe, da kifaye irin su tarwaɗa da karfasa, da itatuwan kuka da tsamiya da kanya. Akwai kuma gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani. Mu da muka tashi muna ganin waɗannan abubuwa ba mu ɗauke su a bakin komai ba, amma ga ɗalibi daga Gusau ko malamin jami'a daga Sakkwato, kowannensu darasi ne.

Wane ne ɗan jagora?

Ba sai an ɗauko shi daga birni ba. Masunci da ya san zurfin ruwa da inda iska ke tasowa, da maharbi da ke gane tsuntsu daga kukansa, da makiyayi da ya san kowace hanya a daji, su ne ainihin masu wannan ilimi. Abin da suke buƙata shi ne ɗan horo kan yadda ake karɓar baƙi, da madubin hangen nesa, da littafin hotunan tsuntsaye. Idan baƙo ya zo, ba ɗan jagora kaɗai ke samu ba. Mai kwalekwale da mai abinci da mai babur da mai saƙar tabarma duk za su taɓa. Tsuntsun da aka harbe sau ɗaya ake cinsa, amma wanda aka bari da rai, kowace shekara zai jawo mai kallo.

Matsalolin da ke gabanmu

Ta farko ita ce tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da satar mutane sun addabi ƙauyukan wannan yanki shekara da shekaru, kuma babu baƙon da zai zo yawon buɗe ido inda mai gida kansa ba ya barci da ido biyu. Don haka ba mu ba kowa shawarar ya kai baƙo bakin tafki ko cikin daji ba tare da sanin jami'an tsaro da sarakunan yankin ba.

Ta biyu ita ce raguwar halittun kansu. Dattawa sun san lokacin da gauraka ke yawo a fadamu, yau kuwa ganinta ya yi wuya. Ungulu da ke cika mahautanmu ta yi ƙaranci, har a 2015 aka sanya ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Saran itace domin gawayi, da zuba guba a ruwa domin kama kifi, da feshin magani barkatai a gonakin rani, duk suna ƙara dagula lamarin. Zaman lafiya zai dawo da yardar Allah, amma halittar da ta ƙare ba ta dawowa.

Abin da ya rage gare mu

Muna kira ga hakimai da dagatai da sarakunan ruwa da su hana kamun kifi da guba, da kwasar ƙwan tsuntsaye, da sare manyan itatuwan bakin tafki. Sassan aikin gona da gandun daji na ƙananan hukumomin uku za su iya fara rubuta sunayen masunta da maharban da suka san yankin, tare da sunayen tsuntsayen da suke gani da watan da suke ganinsu. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Haka kuma, duk mai ɗaukar mutane a kwalekwale ya kiyaye lodi fiye da kima, ya tanadi rigunan kariya daga nutsewa. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku a Gummi a watan Satumba na 2024 ya ishe mu wa'azi.

Daga ƙarshe, baƙinmu na farko su ne 'ya'yanmu. Malamin makaranta da ke kusa da ruwa, a inda hali ya ba da dama, ya gayyaci wani dattijon masunci ya zo ya koya wa yara sunayen tsuntsaye da kifaye. A cikin waɗannan yara ne za a samu 'yan jagoran gobe.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, amin.