Agiye: Abin da ke hana murhu yin zafi a lokacin hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, aikin murhu a gidajen Agiye, Gazawa da Gidan Rumji yakan ninka. Ga ruwan wanka da na alwala, ga kunun safe, ga garwashin ɗumama ɗaki. A wannan lokacin ne kuma koken mata kan yawaita: murhu na cin itace, amma tukunya ta ƙi tafasa.

Murhun da ake magana shi ne na laka mai tsimin itace, irin wanda ake kira Albarka, da takwaransa na ƙarfe, Mai Sauƙi, waɗanda aka fara yaɗawa a Nijar tun shekarun 1980. Idan suka daina aiki yadda ya kamata, uwargida ba ta jira, sai ta koma ga duwatsu uku. Shi kuwa murhun duwatsu uku, mafi yawan zafinsa iska yake bi.

Asarar ba ta tsaya a madafa ba. Gundumar Agiye ta yi suna wajen sassaben zamani, wato barin tohon sabara, kalgo da gawo su girma cikin gona, kuma ƙauyen Dan Saga na cikin wuraren da baƙi ke zuwa ganin wannan aiki. Duk murhun da ya lalace aka yi watsi da shi, waɗannan itatuwan ne ke biyan kuɗin.

Iska da toka

Abu na farko da magina murhu ke dubawa shi ne hanyar iska. Tokar da ta taru a ciki tana toshe ƙasan itace, wuta ta koma hayaƙi. A kwashe ta kafin kowane girki. Cusa itace har bakin murhu ya cika shi ma shaƙe wutar yake yi; ƙirare biyu ko uku da aka faskara sun fi gungume guda ci. Idan bakin murhu na kallon inda iska ke kaɗowa kai tsaye, harshen wuta zai karkata gefe, don haka a kare shi da zana ko guntun katanga, nesa kaɗan don gudun gobara.

Tukunya da bango

Kowane murhun laka da tukunyar da aka gina shi a kanta. Tsakanin tukunya da bango ana barin tazara kamar kaurin yatsa, ta nan zafi ke lasar cikin tukunya kafin ya fita. Idan aka ɗora ƙaramar tukunya, tazarar ta yi faɗi, zafi ya tsere. Idan babba ce ta toshe, hayaƙi ya dawo ta baki. Haka nan in duwatsun da ke riƙe tukunya sun nutse, gindinta zai danne wutar.

Tsagewar bango kuwa gyaranta ba ya cin kuɗi: a kankare wurin, a jiƙa shi, a liƙe da yumɓun da aka kwaɓa da ƙaiƙayi da kashin shanu, a bari ya bushe sarai kafin a hura wuta. Ɗanyen itace ma na yaudarar mutane, domin zafinsa na ƙarewa wajen ƙone ruwan da ke jikinsa.

Masu gas

Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gas ya ƙara shiga gidaje, kuma 'yan ci-rani da dama kan sayi tukunyar kilo 6 su aika wa iyaye. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, ramukan kan murhun sun toshe: a rufe gas, a bari ya huce, a cire kan a goge. In ana zargin yoyo, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Kada a gwada da ashana.

Kasko a ɗaka

Haɗari mafi girma yana zuwa ne da dare. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki na fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mutum cikin barci. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. A ɗumama ɗaki taga na buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Ga wanda ke Legas, Agadas ko Libiya yana aiko da kuɗin cefane, idan ya kira gida a wannan sanyin, ya tambayi Inna ko murhunta ya tsage, da kuma inda kaskon garwashi ke kwana.