Shekara 13 a Ƙofar Alƙali

Duk wanda ya san ƙasar Ƙonni da Adar, tun daga fadamun Maggiya inda albasar Galmi take fitowa, ya bi ta Malbaza mai gidan siminti, har ya haura tudun Illela inda fadar Sarkin Adar take, ya san cewa mutanen wannan yanki ba baƙin shari'a ba ne, domin kuwa a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma har gobe da wuya ka shiga gari mai kasuwa ba ka tarar da zauren da ake biya Risala da Muhtasar, ana fitar da sudusi da sumuni na rabon gado da yatsa a kan rairayi ba. Sai dai sanin hukunci daban, samunsa a hannu daban, kuma tsakanin waɗannan biyu ne ake rasa shekaru, a sayar da bisashe, wani lokaci ma mai ƙara da wanda aka yi ƙara su riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu su gaji husumar tare da gonar da ake husuma a kanta.

Sababin jinkirin ba lalacin alƙalai kaɗai ba ne, ko da yake ba a rasa shi. Asalinsa yana cikin ginin shari'ar kanta. Jamhuriyar Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda, duk yunƙurin da aka yi na rubuta shi ya ci tura saboda saɓanin malamai da mahukunta. Saboda haka doka ta ce a mas'alolin aure da saki da gado da gonakin da ba su da takarda, alƙali ya yi hukunci da al'adar masu husuma, matuƙar ba ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta sa wa hannu ba. Alƙalin kuwa dokar da aka gada daga Faransa ya karanta, sau da yawa ma ba ɗan yankin ba ne, an dai turo shi aiki. Sai a zaunar masa da mashawarta masana al'ada, galibinsu malamai, su ba shi ra'ayi, shi ya yanke. To, idan mas'ala guda ta zama tana da fuska uku, ta al'ada da ta fiƙihu da ta dokar nasara, kuma kowace kotu tana da ikon ta dubi fuskar da ta ga dama, ai dole a yi ta sa toka sa katsi. Ga kuma ƙa'idar babbar kotun Yamai, wadda ba ta sake sauraron shaidu, iyakarta ta duba ko an bi doka, in ta ga ba a bi ba ta rushe hukuncin, ta mayar da shari'ar inda ta fito domin wasu alƙalai su sake ta daga tushe.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka fara a Birnin Ƙonni, labarinta ya kai duniya. A 1996, tana da kimanin shekara 12, aka sayar da ita a kan jika 240 na sefa ga wani mai hali da ya riga ya cika mata huɗu, ta shiga gidansa a matsayin wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan ta huɗu ba tare da sadaki ko ɗaurin aure ba, tana aikin gida da na gona, ta kuma haifa masa 'ya'ya. A 2003 Nijar ta sanya bauta cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu, ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta kuma, wadda aka kafa tun 1991, ta shiga ƙauyuka tana faɗakarwa. Sai a watan Agusta na 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta ɗauki kayanta za ta fita, ya ce ina, ai matarsa ce.

A watan Fabrairu na 2006 ta kai ƙara ƙaramar kotun Ƙonni, kuma a 20 ga Maris kotun ta yanke abin da kowane almajirin da ya sauke Risala zai yanke, cewa babu aure inda ba a biya sadaki ba, ba a kuma ɗaura ba, don haka tana da ikon ta tafi inda take so. Haƙiƙa fuƙaha'u ba su yi saɓani ba a kan cewa wanda ya 'yanta baiwarsa ba ta halatta gare shi sai da sabon aure, da yardarta. Da an tsaya nan, da shari'ar ba ta kai wata biyu ba. Amma mutumin ya ɗaukaka ƙara, kuma a watan Yuni babbar kotun Ƙonni ta warware hukuncin, tana kafa hujja da cewa ɗa yana iya auren baiwa idan ba shi da halin auren 'ya. Hujjar da, in an dube ta da idon basira, ba ta hau kan mai mata huɗu ba ko kaɗan, balle a ce alƙalin jamhuriya ya ambaci baiwa a cikin hukuncinsa shekara 3 bayan an haramta bauta, bai kuwa sa an binciki wanda ya saye ta ba. A 28 ga Disamba Kotun Ƙoli, wato babbar kotun Yamai, ta rushe wannan hukunci saboda kuskuren ƙa'ida, ba tare da ta taɓa zancen bautar ba, ta mayar da shari'ar Ƙonni.

Ana cikin haka Hadijatu ta auri wanda take so, sai tsohon maigidan ya garzaya wurin jandarma ya yi ƙarar aure kan aure. Nan fa shari'a ɗaya ta haifi biyu. A watan Afrilu na 2007 kotu ta raba auren da kotun farko ta ce babu shi, ta kuma ɗora mata idda ta wata 3. A farkon Mayu kuma aka yanke mata, ita da ɗan'uwanta da sabon mijinta, ɗaurin wata 6 da tara, aka kai ta kaso, ba ta fito ba sai a Yuli, da kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ba da umurnin a sallame ta kafin a gama. Ba banza ba Hausawa suka ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a dubi mutanen da ba a cika ambatarsu ba, wato ma'aikatan ofishin lauya, domin shari'a mai tsawo ba a gaban alƙali take rayuwa ba, a cikin kabad take rayuwa. Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, kimanin kilomita 420 daga Ƙonni, kuma a wancan zamani kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne tak a ƙasar, ta Yamai da ta Damagaram. Lauya yakan yi sammako ya bi ta Doso da Dogon Dutsi, ya iso da rigarsa baƙa a ninke cikin jaka, ya tarar da tsohuwa a gindin dogon yaro a harabar kotu, ta kwance bakin zane ta fito da takardar sammaci da ta naɗe cikin leda har ninkin ya cinye rubutun, su zauna har azahar, sannan magatakarda ya leƙo ya ce an ɗaga, abokin husuma bai zo ba, ko kuwa a ce dosiye bai dawo daga Yamai ba, a komo bayan hutun alƙalai. Akawun ofis shi ne ke riƙe da lissafin wa'adi, domin ɗaukaka ƙara tana da kwanaki ƙididdigaggu, wanda ya wuce su da yini guda haƙƙinsa ya faɗi ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana. Shi ne ke bin kwafin hukunci daga tebur zuwa tebur, ya sayi kan sarki, ya amsa wayar mai ƙara da ke tambaya a karo na ashirin, yaushe za a gama.

Akwai ofisoshin da sana'ar ta zama ta gado, ɗa ko 'ya ta karanto doka ta zauna a teburin da ke kusa da na mahaifinta, kamar yadda gidajen malamai da na alƙalai suka saba tun zamanin daular Sakkwato, inda yaro yakan fara da ɗaukar buzu da tawada, ya ƙare da ba da fatawa. Fa'idar irin wannan gida ita ce ba ya mantuwa: idan jikan mai gona ya zo da husumar iyaka, a nan ake samun wanda ya tuna cewa kakansa ya taɓa yin rantsuwa a kan wannan gamba, kuma takardar sulhun da hakimi ya sa wa hannu tana nan a ajiye. Aibinsa kuwa, a ganina, biyu ne. Ɗa ba ya iya duban mahaifinsa ya ce masa dabarar da ka bi shekara goma ba ta fisshe mu ba, sai ya yi ta kewaye-kewaye har a kan akushin tuwon dare. Sannan gidan da abincinsa ke fitowa daga husuma yana bukatar tsoron Allah mai yawa kafin ya ce wa mai ƙara, je ka yi sulhu, abin da za ka kashe ya fi gonar.

Hadijatu dai ta yi dace da waɗanda ba su gaji ba. Lauyanta Abdurahman Shu'aibu, da taimakon Timidria da ƙungiyoyin Anti-Slavery International da Interights na Ingila, ya kai gwamnatin Nijar kanta ƙara a kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, cikin 2007, kotun da mazauninta yake Abuja, wadda kuma ba ta sharɗanta sai an ƙure kotunan gida kafin a zo mata ba. Alƙalanta suka taso suka zauna a Yamai a watan Afrilu na 2008, suka ji ta da bakinta, kuma a 27 ga Oktoba suka tabbatar da cewa an bautar da ita, hukuma da alƙalan ƙasa sun gani ba su kare ta ba, suka umurci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Bayan haka ne, a watan Mayu na 2014, kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 saboda ajiye wahaya, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

Amma hukuncin CEDEAO bai rufe dosiyen da ke cikin gida ba, domin ba aikin waccan kotu ba ne ta warware hukuncin kotunan ƙasa. Maganar ko an taɓa aure ko ba a taɓa ba ta ci gaba da kwana a kabad har farkon 2019, lokacin da babbar kotun Yamai ta yanke cewa ba a cika sharuɗɗan aure ba tun asali, kuma al'adar wahaya ta saɓa wa dokokin ƙasa. Daga Janairu na 2025 kuwa Nijar ta fita daga CEDEAO, saboda haka wadda za ta taso yau daga Illela ko Malbaza da irin wannan ƙara, ƙofar waccan kotu a rufe take gare ta.