Fetur ko dizal? Gardamar masu jan gida mai taya a Amurka

A makon jiya saura kaɗan a ba hamata iska a ɗakinmu saboda wani bidiyon TikTok. Wani Ba'amurke ne yake nuna a-kori-kurarsa tana jan tirelar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, yana cewa tasa "gas" take sha. Abokina ya ce ai shi ya sa take da ƙarfi, tunda mai dizal ce. Na ce a'a, fetur ce. Aka yi ta musu har da rantse-rantse. Gaskiyar ita ce, abin da mu muke kira man gas shi ne dizal, amma a bakin Ba'amurke "gas" fetur ne. Duk mai bin irin waɗannan bidiyoyi ya fara riƙe wannan, in ba haka ba zai fahimci komai a baibai.

Su kansu can gardamar ba ta ƙarewa. Iyali sun sayi gida mai taya, galibi ƙirar yankin Elkhart da ke jihar Indiyana, suna son su riƙa fita hutu da shi. To wace mota za ta ja? Kuɗi ne masu yawa, kuma kuskure a nan yana iya ƙarewa a ramin gefen titi.

Dizal dai ba a raina shi. Ɗauki Ford F-250: injinta na dizal mai lita 6.7, wanda ake kira Power Stroke, ƙarfin jansa ya ninka na injin fetur ɗinta mai lita 7.3 fiye da sau biyu. Kuma yana ba da ƙarfin tun injin bai fara ihu ba. Ram na da Cummins, Chevrolet na da Duramax, duk labarin ɗaya ne. Ga shi ba ya zuƙar mai kamar fetur idan an ɗora masa kaya.

Inda ya fi burge ni shi ne kan dutse. A jihar Kolorado akwai ramin Eisenhower, inda babbar hanya take hawa sama da ƙafa 11,000. Iska a can ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo kuwa yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da ya hau. Ka lissafa, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Mai dizal turbo ne yake cusa masa iska, ko a jikinsa. A gangara kuma yana da birkin salansa, wanda yake toshe hanyar hayaƙi har injin da kansa ya riƙe motar. Wanda ya taɓa jin ƙaurin birkin babbar mota a gangara ya san darajar wannan.

Sai dai masu bidiyo ba su cika nuna maka rasit ba. Zaɓen injin dizal kaɗai yana ƙara wa sabuwar mota kusan dala 10,000. A gidajen man Amurka dizal ya kan fi fetur tsada, har harajin gwamnatin tarayya ma ya fi: santi 24.4 a galan, fetur kuwa 18.4. Juyen baƙin mai ya fi cin kuɗi. Akwai kuma ruwan DEF, haɗin yuriya da ruwa da ake zubawa a wani tanki daban don rage gubar hayaƙi. In ya ƙare, kwamfutar motar sai ta shaƙe mata gudu. Matatar da ke kama toka a salansa tana son doguwar tafiya, yawon kai yara makaranta da zuwa kanti toshe ta yake yi. A ce ma ka rage dala 1,000 na mai duk shekara, sai ka shekara 10 kafin ka mai da kuɗinka.

Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wannan: ƙarfin ja daban, ƙarfin ɗauka daban. Tirela ba ja kawai ake yi ba, tana danne bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta. A jikin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda da aka rubuta iya nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya duka. A ce an rubuta kilo 750, tirelar kuma da kayanta kilo 3,500 ce. Wajen kilo 450 ya riga ya hau kan motar. Saura 300. Manya huɗu suka shiga, shi ke nan, ko kular ruwa babu wurinta a lissafi. Injin dizal kuma ya fi na fetur nauyi da kilo 300 ko kusa da haka, kuma daga cikin wannan lissafin ake cirewa. Wato kana iya biyan ƙarin kuɗi ka sayi motar da ta fi ja amma ta gaza 'yar'uwarta ɗauka. Idan nauyi ya yi yawa a baya, tayoyin gaba sai su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. In kuma aka tura kaya can ƙarshen tirelar don a rage dannewar, da babbar mota ta gifta sai ta fara kaɗa wutsiya.

Kamfanonin ma kamar sun karanci kasuwa. Ford ta daina sa dizal a ƙaramar F-150 a 2021, Ram ta bi sahu da 1500 ɗinta a 2023. A manyan ne dizal yake cin karensa babu babbaka.

Ni dai da ni ne mai iyalin nan, ina fita sau biyar ko shida a shekara da tirela matsakaiciya, fetur zan saya, ragowar kuɗin in zuba mai. Wanda ya tattara ya koma rayuwa a kan hanya, yana jan katafaren gida ta cikin duwatsu duk wata, shi ne dizal zai biya. Abokina har yanzu bai yarda ba. Ya ce shi ƙarar Cummins kawai yake so, ko da kuwa keke zai ja da ita.